Ledar da Yaya ta binne

Yayata ma'aikaciyar gwaji ce a wata cibiyar bincike, kuma aikinta binne abubuwa. Haka nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni a shagon ɗinkina, in bar shi baki buɗe na ɗan lokaci, sannan in yi masa bayani. Masana suna zaune a bene cikin sanyi suna ƙirƙiro sabon abu, ko fenti, ko buhu, ko wani irin katako da ba daga itace ya fito ba. Tun abin yana ɗanye, ba a gama haɗa shi ba, sai a yanko guntu a sauko wa Yaya da shi. Ita kuma ta saka shi a bokitin ƙasa ta rufe, ta shuka wake a kai, ta zuba tana a ciki, ta riƙa ba shi ruwa. Kowane bokiti da huji a gindi, da kwalba a ƙarƙashi. Ruwan da ya tsiyaye take ɗauka ta auna. In waken ya yi rawaya, ko tanar ta gudo ta taru a bakin bokiti, ko ruwan ya fito da abin da bai shiga da shi ba, to Yaya ta san abin da sabon kayan nan zai yi wa ƙasa da rijiyoyin mutane ran da aka gama da shi aka jefar.

Filin bokitan yana bayan ɗakin gwaji, inda ba a kai baƙi. Ma'aikata suna ce masa makabarta, ita kuma Mai Makabarta, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Na san wurin kamar tsakar gidanmu, domin wake bai san Asabar da Lahadi ba, ni ce kuma nake raka ta ba shi ruwa in ba aiki.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ba mu ɗauko hali ɗaya ba. Ni in aka taɓa ni, kafin mutum ya kai ƙofa na wanke shi tas, gobe kuma in tambaye shi ina gajiya. Yaya ba ta ɗaga murya. Za ka yi mata abu ta kalle ka ta ce ba komai, har ta kawo maka ruwa ka sha, ka tafi kana cewa ba ka taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Ni da na tashi ɗaki ɗaya da ita na san ba haƙuri ba ne, ajiya take yi.

Babanmu direban bas ne har ya tsufa. Da ya ajiye tuƙi, Inna kuma ta riga ta rasu, sai ya gina kwamin siminti a bayan gidanmu ya fara kiwon tarwaɗa. Ba ya zuba musu ruwan famfo, wai yana warin magani. Ruwan sama yake tarowa daga kwanon rufi, ya bi indararo ya shiga tanki, daga tanki zuwa kwami. Da safe in ya ƙwanƙwasa gefen kwamin da roba, kifin nan su taso suna turereniya, shi kuma yana yi musu faɗa kamar fasinjojin da suka ƙi bin layi. Duk wanda ya gaishe shi a hanya sai ya ji labarin kifi, ko yana so ko ba ya so. Bayan kifi, abin da ya fi alfahari da shi a duniya Yaya ce. Uwata yake ce mata, kuma a wurinsa duk abin da cibiyar nan ta ƙera, da hannunta aka ƙera shi.

Shugaban sashensu wani Dakta ne da ake yi wa laƙabi da Sai-Gaba a bayan idonsa, saboda duk abin da ka kawo masa wanda ba ya son ji, amsarsa ke nan. Mutum ne mai kai, wannan ba zan hana shi ba, ko da yake ina so. A lokacin yana haɗa wani farin fenti da ake shafa wa rufin kwano ya hana ɗaki zafi. Fentin yana aiki, na shiga ɗakin da aka shafa wa da tsakar rana na ji kamar ƙarƙashin bishiya. Yaya ta shafa shi a guntayen kwano, ta kifa su a kan bokitai, ta bar ruwan sama ya wanke su. Sai ta zuba 'yan ƙananan kifi a ruwan da ta tara. Kafin a jima suka juya ciki sama.

Ta kai maganar wurin taro. Dakta ya ce lokaci bai yi ba, haɗin ma ba a gama daidaita shi ba, in an gama sai a duba illa. Yaya ta ce in an gama ba wanda zai yarda a taɓa haɗin, yanzu ne canza shi ba zai ci komai ba. Ya yi dariya, ya juya ga baƙin da ke zaune ya ce akwai mutanen da suke auna wa jariri likkafani tun bai fara rarrafe ba. Aka yi dariya. Yaya tana da tsohon ciki a lokacin, kowa yana gani, kuma ba wanda ya ce masa ya yi ɓaranɓarama.

Ta tafi hutun haihuwa ta bar bokitanta a jere, gwajin bai kai ƙarshe ba. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki, ta daɗe a kwance. A cikin wannan tsakanin cibiyar ta shirya ranar nuna fenti ga jama'a. Dakta ya ce ba wurin ajiye motocin baƙi, ya sa aka kwashe makabarta gaba ɗaya aka juye a bola, aka zuba tsakuwa a wurin.

Baba ya ji ana taro a wurin aikin Uwarsa, ya saka rigarsa mafi kyau ya tafi, bai gaya wa kowa ba. Ya kutsa har gaban Dakta ya ce shi ne mahaifin wance. Kuma Baba ba zai tsaya da mutum ba tare da ya ba shi labarin kifi ba. Ya gaya masa kwami, ya gaya masa tanki, ya gaya masa ruwan rufi kaɗai yake ba su. Dakta ya ji duk wannan da kunnensa, mutumin da aka gaya wa a gaban jama'a abin da ruwan rufin nan yake yi wa kifi. Ya yi murmushi ya ɗauko gwangwani biyu na fentin ya ba Baba kyauta, har aka ɗauke su hoto suna riƙe da su tare. Wannan wurin ne ba na iya wucewa.

Baba ya shafe rufin gidanmu da fentin. Ruwan farko ya sauka a kan farin rufi, kifin Baba suka mutu tas. Ya kwashe su da hannunsa, ya wanke kwami, ya sake zuba wasu, su ma suka bi. Ya canza abinci, ya canza mai sayar masa da 'ya'yan kifi, ya zargi komai ban da fentin, don ina zai zargi abin da ya fito daga wurin Uwarsa? Ya hana mu gaya wa Yaya, wai ba a kai wa mai jego labarin asara. Ni kuma ban san komai game da 'yan kifin gwajinta ba, sai daga baya.

Ran da ta samu ƙarfin zuwa gida, tun daga bakin layi ta hango rufin yana ƙyalli. Ta miƙo mini jaririyar, ta zauna a bakin kwata. Da ta ji labarin kifin, ba ta gaya wa Baba fentin ne ya kashe su ba. Ta ce mini in ya sani, ba kifi kaɗai zai rasa ba, don ya riga ya bi unguwa gida gida yana nuna rufin yana cewa aikin 'yarsa ne. Sai ta ce masa kwanon ya tsufa zai fara yoyo, ta sa aka yaye shi aka buga sabo. Ta roƙe shi ya sake zuba kifi. Ya ƙi. Ya ce shi ya gane, tsufa ne ya kama shi, hannunsa ya lalace, ba zai ci gaba da kashe halittun Allah a banza ba. Daga nan ya koma zama a gefen busasshen kwami, ba ya tsayar da kowa a hanya, don ba shi da labarin da zai bayar. Shekara ta zagayo ya rasu. Likita ya ce zuciya ce. Ban ce fenti ya kashe Baba ba, amma na san mutumin da ya shiga taron nan da wanda muka kai kabari ba ɗaya ba ne.

Dakta ya zo ta'aziyya. Ya zauna a kujerar Baba ya ce marigayi mutumin kirki ne mai fara'a. Ina riƙe da butar shayi mai zafi, kuma Allah ya sani na auna nisan da ke tsakanina da farar rigarsa. Yaya ta karɓi butar daga hannuna a hankali ta zuba masa a kofi, ta yi masa godiyar zuwa. Da ya tafi na yi mata tas. Na ce ita wace irin 'ya ce, a yi wa ubanta haka ta zuba wa mutum shayi, ta bar ni in je in farfasa masa gilashin mota ko zuciyata ta yi sanyi. Ta ce gilashi ana sake shi da yamma.

Fentin kuwa a hankali aka janye shi, wai za a ƙara inganta shi, bayan wasu masu kaji sun fara ƙorafi. Aka canza haɗin kamar yadda Yaya ta faɗa tun farko, ya fito da sabon suna, Dakta ya karɓi lambar yabo. Ba wanda ya tuna da taron da aka yi wa mai ciki dariya. Yaya ta koma aiki ta sake kafa makabarta a wani lungu tsakanin katanga da ɗakin janareta, da bokitan da ta tsinto, inda hayaƙi ke bin mutum har cikin ɗankwali. Ta ci gaba da gaida Dakta a matakala kullum safe, da ladabi.

Haka shekaru suka tafi. Jaririyar nan ta shiga sakandare, furfura ta fito wa Yaya a gefen kunne, ni kuma na sake keken ɗinki. Duniya ma ta ɗan juya. Masu ba cibiyar tallafi suka ce sun gaji da gano illar abu bayan ya cika kasuwa, daga yanzu ba abin da zai wuce matakin gwaji sai mai duba illa ya ce ya gamsu. Mai duba illa a cibiyar kuwa mutum ɗaya ce. Waɗanda ba su san hanyar lungun janareta ba suka fara tambayar masinja ina ne.

Dakta yana gab da ritaya ya haɗa abin da ya fi komai a rayuwarsa: leda daga ɓawo da karan amfanin gona, wadda take ɗaukar kaya kamar kowace leda, amma in an jefar ta narke ta koma ƙasa. Cibiyar tana da wani tsari tun kafuwarta. Duk abin da aka ƙirƙira, sunan wanda yake shugabancin sashe ran da aka sake shi ga jama'a ake bugawa a farantin ƙarfe a kafa a bangon zauren shiga. Ba a duba wa ya fara, ba a duba wa ya sha wahala, sai wanda ke kan kujera a ranar. Mutanen wurin suna ji da bangon nan fiye da albashi. Na ga tsofaffin ma'aikata suna kawo jikokinsu su nuna musu. Dakta yana da farantin fenti, amma ya san abin da ke ƙarƙashinsa, kuma kowa ya san ledar ce yake so a tuna shi da ita.

Hanyar gwaji biyu ce. Akwai akwatin zafi, wata na'ura mai tururi da ake saka abu a ciki ya tsufa da wuri, a samu amsa cikin 'yan watanni. Akwai kuma binnewa a ƙasa, a jira damina biyu su wuce a kai. Doka ta bar wa mai duba illa zaɓi, kuma abin da aka yi da kayan tsiro kusan kullum akwati ake sakawa. Saura damina ɗaya Dakta ya sauka daga kujera.

Yaya ta zo shagona da yamma ina dajiyar wani siket, ta zauna a benci ta cire takalmi. Ta ba ni labarin ledar da na bangon da na akwatin, duk a muryar da take karanta jerin cefane. Na tambaye ta wacce hanya ta zaɓa.

"Na binne ta yau da safe," in ji ta.

Allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Na tashi na rufe shago na saya mana lemo mai sanyi. Ranar ce na fara barci mai daɗi tun rasuwar Baba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Dakta ya fara da aike. Daga nan ya kai ƙara wurin babban darakta. Aka kira Yaya ta yi bayani: akwati ba shi da tana, ba shi da saiwar wake, ba ya sanin ruwan da ke sauka yau ya ɗauke gobe, kuma ledar nan za ta shiga gonaki da bakin rijiyoyi, ba ɗakin gwaji ba. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Darakta ya ce shi ba zai saka hannu a abin da masu tallafi suka ɗora wa wuyanta ba. Sai ga Dakta da kansa a lungun janareta, karo na farko a rayuwarsa, yana ɗaga ƙafar wando kada laka ta taɓa. Ya tsaya a kan bokitan yana kallon wake kamar zai ce masa ya yi sauri.

A duk benen nan mutum ɗaya ce ta tsaya wa Yaya, mataimakiyar Dakta, wata doguwar mace mai gilashi da ba ta daɗe da dawowa daga karatu ba. Anti take ce wa Yaya. Ita za ta gaji kujerar, ita kuma sunanta zai hau bango in aka yi jinkiri, amma abin ba ya mata daɗi, har ta je ta nemi a canza tsarin aka ce ba a taɓa ba. Duk da haka in ana zagin Yaya a wurin shan shayi, ita ke cewa Anti ba ta taɓa tsayar da abu ba dalili ba, in ta ce a jira to akwai abin da ƙasa ba ta faɗa ba tukuna. Takan sauko ran Asabar ta taya mu ɗibar ruwa, tana tambayar Yaya yadda ake gane tana mai lafiya. Ina son yarinyar, ko da yake ba ta iya riƙe garwa ba.

Wata Lahadi Dakta ya zo gidan Yaya. Ina can. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya zauna a gefen kujera kamar mai neman aiki, ya yi ta zagaye, ya tambayi maigidan, ya tambayi karatun yarinya. Da ƙyar ya zo kan magana. Ya ce shekara da shekaru yana aikin nan, ba shi da ɗa ko ɗaya da ya bi layinsa, ledar nan ita ce abin da zai bari.

"Malama, in na taɓa ɓata miki rai a baya, ki yi haƙuri. Mu duka mun manyanta."

Ina tsaye a ƙofar kicin na jira ya ambaci Baba, ko kifi, ko gwangwanin nan biyu. Da ya ambata, wallahi ban san me Yaya za ta yi ba, ni kaina ƙila da na sauko. Bai ambata ba. Ko ya manta ne, ko yana ganin mun manta, kuma har yau ban san wanne ya fi muni ba.

"Ba ni ke riƙe da ita ba, Dakta," in ji Yaya. "Tana cikin ƙasa. In lokaci ya yi za mu tono ta."

Ta raka shi har mota ta ce ya gaida gida.

Bayan damina ta farko, wata Asabar da mataimakiyar ba ta zo ba, na ga Yaya ta durƙusa gaban bokitin ƙarshe ta zura hannu har gwiwar hannu. Ta lalube ƙasar, ta ɗebo ta murje a tafinta. Ba leda, ko zarenta. Ƙasa baƙa wuluk mai laushi, tana manya manya suna murɗawa, wake kuwa kore shar har ya fara hawa katanga. Ta ɗaga kwalbar ƙarƙashi ta kalle ta a rana. Na yi shekaru ina binta, na san fuskarta in abu ya fito lafiya. Ta mayar da ƙasar ta daddanna, ta zuba ruwa a kai, ta goge hannu a zanenta. Ta kalle ni na kalle ta. Na ɗauki garwa na wuce bokiti na gaba.

A daminar da ta biyo baya tsofaffin ledoji suka toshe kwatar gaban shagona, kamar yadda suke yi kullum, ruwa ya shigo ya jiƙa mini yadin mutane. Maƙwabciyata mai kayan miya ta yi asarar da ta fi tawa. Ina sharce ruwan da tsintsiya ina sane da cewa akwai ledar da ba ta toshe kwata tana kwance a bokitin yayata, da tuni an fara yin ta. Na yi tunanin haka sarai, na kuma ci gaba da shara, ko a jikina.

Tun kafin wannan daminar Dakta ya yi ritaya, aka yi masa ɗan walima da biskit. Ran tono, ya zo a matsayin baƙo. Maigadin sabo ne bai san shi ba, ya tsayar da shi a rana sai da mataimakiyar ta sauko ta shigo da shi, ita ce shugabar sashe yanzu. Aka jera bokitai aka juye su ɗaya bayan ɗaya a kan tamfol. Ba komai sai ƙasa da tana. Awon ruwa ya fito tsaf. Yaya ta ce ta gamsu, a gaban darakta da mutanen masu tallafi, aka tafa. Mai buga farantin ƙarfe ya tambayi doguwar mai gilashi yadda ake rubuta sunanta.

Jama'a suka watse zuwa zaure, muka rage mu huɗu a lungun. Dakta ya sunkuya da ƙyar ya ɗebi ƙasar ya murza. Na ce muku mutum ne mai kai. Ya ga yadda ta narke, ya san ba ta jiya ba ce.

"Tun yaushe kika sani?"

Yaya tana iya cewa yau. Ba wanda zai ƙaryata ta, ni kuwa ko da wuƙa a wuyana ba zan yi magana ba. Amma ba don ta ɓoye ta jira duk shekarun nan ba.

"Tun damina ta farko," ta ce. "Da akwati na saka ta, da sunanka yana bango tun bara."

Ya tambaye ta me ya yi mata da zafi haka.

"Babana ya gaya maka ruwan rufi yake ba kifinsa, ka miƙa masa fentin kana murmushi. Ya mutu yana ganin laifin hannunsa ne. Ina so ka tafi gida ka zauna, ka sani ba laifin ledarka ba ne, ba laifin ƙasa ba ne. Ni ce."

Ya zubar da ƙasar ya nemi abin goge hannu bai samu ba, ya goge a rigarsa. Ya bi ta gefen ɗakin janareta ya fita ta ƙaramar ƙofa, bai bi ta zaure ba. Na bi bayansa da kallo har ya ɓace, kuma daɗin da na ji ya kai inda nake zato zai kai, har ya wuce.

Sai da na juyo na tuna ba mu kaɗai ba ne. Mataimakiyar tana tsaye riƙe da bokiti, ta cire gilashinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita ta tsaya a gaban mutane ta rantse Anti ba ta tsayar da abu ba dalili. Ta ajiye bokitin a hankali ta hau bene.

Ba ta kai ƙara ba, kuma ba abin da za a kama Yaya da shi, doka ce ta ba ta zaɓi. Amma da sashen ya haɗa sabon abu na gaba, sai aka aika da shi wata cibiya a duba. Na bayansa ma haka. Shugabar ta gaya wa darakta ido biyu sun fi ɗaya, shi kuma ya yarda. Suna gaisawa da Yaya a matakala, ta daina ce mata Anti, ta koma Malama. Makabarta tana nan, Yaya tana zuwa kullum tana ba tsofaffin bokitai ruwa, sabo dai bai ƙara shigowa ba. Abin da ta shekara ashirin tana ginawa shi ne in ta ce a jira a yarda da ita, kuma ta kashe shi gaba ɗaya a kan mutum guda.

Na ce mata ai yarinyar butulu ce, sunanta ya hau bango a bagas tana yi wa mutane fuska. Yaya ta ce a'a, ita ma da ita ce a kujerar haka za ta yi. Muna zaune a shagona, wata mata ta wuce da sabuwar ledar cike da tumatir, an fara sayar da ita a kasuwa. Na tambaye ta ko ta yi nadama.

"Ban yi ba," ta ce. "In aka dawo da ni zan sake. Amma Auta, don Allah ki daina yi mini murna."

Na ci gaba da taka keke. Murnar kuwa, na daina a gabanta.